Kafin ka yi tayi a gwanjon tsofaffin sulalla, tambayi inda kwandalar ta fito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisheka da kai da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a bani fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana cina a rai, wato harkar saye da tara tsofaffin sulalla, irin na zamanin Girkawa da Rumawa da daulolin Musulunci na farko. Na kai shekaru a cikin wannan harka, ni ba dillali bane, mai saye ne kawai da ɗan abin da Allah ya hore, kuma abin da yasa na rubuto shine duk sanda labarin tsohuwar kwandala zai fito a jarida toh labarin kuɗi ne zalla, an sayar da kaza akan miliyan kaza, shikenan an wuce. Sai mai karatu ya tashi da ɗayan biyu, ko yace wannan wasan attajirai ne ba ruwansa, ko kuma ya ɗauka duk baƙin ƙarfen da aka tono a ƙasa arziki ne ya faɗo. Tambayar da tafi kowacce nauyi kuwa ba mai yinta, wato daga ina kwandalar nan ta fito, hannun wa da wa ta bi kafin ta hau teburin gwanjo.

Bari in fara da wadda ta girgiza duk masu wannan harka. A watan Oktoba na 2020 wani gidan gwanjo a Landan ya sayar da wata 'yar kwandalar zinare da bata kai faɗin babban yatsa ba, wadda Brutus ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara biyu bayan shi da abokansa sun kashe shugaban Rumawa Julius Caesar. A gefe ɗaya fuskar Brutus ɗin ce, a ɗaya gefen wuƙaƙe biyu da hula a tsakiyarsu, hular da ake ba bawa in an 'yanta shi, a ƙasa an rubuta EID MAR wato 15 ga Maris, ranar da akayi kisan. Kaga mutum ya kashe shugaba kuma ya buga tallan abin a jikin kuɗin da yake biyan sojojinsa. Ta zinaren guda uku kacal aka sani a duniya. An buga guduma akan fam miliyan 2.7, da aka ɗora la'ada ya zama fam miliyan 3.24, jaridun duniya duk suka ɗauka. Toh me ya biyo baya? Ashe takardar tarihin da aka haɗa mata, wadda tace ta daɗe a hannun wani tsohon gida a Turai, ƙirƙirarta akayi. Masu gabatar da ƙara a New York suka bi diddigi, a watan Maris na 2023 aka miƙa kwandalar ga ƙasar Girka, wanda ya sayar kuma ya amsa laifinsa a kotu. Ita kwandalar ba jabu bace, ta gaske ce, tarihinta ne na jabu, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba mai saye da ita. Wannan kashi na biyu na labarin ban ga an bashi ko rabin filin da aka ba na farkon ba.

Ni abin da yake hannuna ba irin wannan bane, kuma wallahi bana jin wanda ya biya miliyoyin nan ya fini jin daɗin nashi. Wadda nafi so a cikin 'yan sulallana dirhami ce ta Banu Umayya, ta azurfa, siririya sosai har in ka ɗorata a tafin hannu kamar ba komai, a sikeli giram 2.9 take. Ba hoton kowa a jikinta, ba ma sunan halifa, rubutu ne kawai irin na Kufa wanda ba ɗigo ba wasali. A tsakiya kalmar tauhidi, a bayanta Ƙulhuwallahu, a zagayen baki kuma an rubuta da Larabci cewa da sunan Allah an buga wannan dirhami a Wasiɗ shekara ta 121. Wasiɗ garin da Hajjaju bin Yusuf ya gina ne a Iraƙi, shekara ta 121 bayan Hijira kuwa zamanin Hisham bin Abdulmalik kenan, wajen 739 miladiyya. Ranar da ta iso na kai tsakar dare da gilashin ƙara girma ina bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, saboda a rubutun da ba ɗigo bakwai da tara kusan kamarsu ɗaya, haka saba'in da tis'in, sai ka ƙirga haƙoran harafi kafin ka tabbatar da shekara. Sanda na iya karanta shekarar da kaina ba tare da na duba takardar dillali ba sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan tsari na rubutu zalla mahaifin Hisham ɗin, Abdulmalik bin Marwan, ne ya kawo shi, dinarin farko a shekara ta 77, dirhami a 79, kafin nan kuɗin Rumawa da na Farisawa ake kwaikwaya har da hotunansu. Kuma dirhamin Wasiɗ ba mai tsada bane, an buga su da yawan gaske, suna cikin waɗanda mai farawa zai iya saye ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. Haka ƙananan tagullan zamanin sarkin Rumawa Constantine da 'ya'yansa, shekara sama da 1,600 amma suna nan birjik.

Amma abin da yasa na zaɓi wannan dirhamin akan wasu biyu da suka fi ta kyau a gwanjon shine ɗan ambulan ɗin da tazo dashi. Wata 'yar takarda ce da ta tsufa tayi ruwan ƙasa, wani mai tarawa da ya riga mu gidan gaskiya ya rubuta da alƙalamin tawada nauyinta da garin da aka bugata da wajen wanda ya saya da shekarar da ya saya, tun kafin 1970. Zan dawo kan wannan shekarar.

Yanzu maganar gwanjo kanta, dan nan ne sababbi suke shan wahala. Gidan gwanjo yana fitar da kundi makonni kafin ranar, kowacce kwandala da lambarta da hotonta gaba da baya da nauyinta da faɗinta da ƙiyasin farashi. Yanzu kusan komai a intanet yake, shafuka irin su Sixbid da NumisBids da biddr suna tattaro gwanjon gidaje da yawa wuri ɗaya, kana zaune a ɗakinka zaka yi tayi a gwanjon da akeyi a Jamus ko Ingila ko Amurka. Abu na farko da zan gaya wa mai farawa, ƙiyasin nan ba farashi bane, sau da yawa da gangan ake sashi ƙasa dan a jawo masu tayi. Abu na biyu la'ada. Kuɗin da aka buga guduma akai ba shi zaka biya ba, yawancin gidaje suna ɗora wajen kashi 20 cikin 100, wasu sama da haka, in ka ci kaya akan 100 toh ka sani 120 ne, kafin kuɗin aikowa da na banki da abin da kwastan zasu karɓa. A ƙaramar kwandala sai kaga waɗannan ƙananan caje-cajen sun kusa kamo kuɗin kwandalar kanta, shiyasa ya fi ka haɗa biyu ko uku a gwanjo ɗaya su taho a fakiti ɗaya. Kafin ka yi tayi kuma ka leƙa acsearch ko CoinArchives, nan ake ajiye sakamakon gwanjon baya, zakaga nawa irinta ta tashi bara da bara waccan, wani lokacin ma sai ka ci karo da ita kanta kwandalar a gwanjon shekara goma baya, kaga ka samu wani yanki na tarihinta a kyauta.

Sai kuma zuciya, wadda tafi la'ada cin kuɗi. In gwanjo yana tafiya kai tsaye, agogo yana ƙirga sakanni, kai ka taya wani da baka gani ya ɗora, kai ka ƙara shi ya ƙara, sai abin ya tashi daga son kwandala ya koma kar a kada ni, kuma na taɓa biyan kusan ninkin abin da ya dace a haka, har yau in na ɗauko wannan kwandalar abin da nake tunawa kenan. Tun daga lokacin sai in rubuta iyakata a takarda tun da rana, da la'ada da komai a lissafe, in shigar da ita tun kafin a fara, na'urar tana ƙara maka kaɗan kaɗan ne har zuwa iyakar da ka sa bata wucewa, in wani ya haura toh Allah ya sanya masa albarka. Kusan kowacce irin kwandala da mai ƙaramin ƙarfi zai nema wata zata sake fitowa.

A karanta bayanin dake ƙasan hoto sosai. Gidajen kirki suna faɗa in an goge filin kwandala dan yayi sumul, ko an bi gashin sarki da haruffa da ƙarfe an sake sassaƙa su, ko an cike rami, ko an shafa mata launi. Duk waɗannan suna karya daraja, sassaƙar ma ni bana kusantarta ko da kyauta, dan abin da kake kallo aikin wani ne na jiya ba na maƙerin da ba. Sannan a duba sharuɗɗa, gidan da ya san kansa yana bada lamunin cewa kayansa na gaske ne, in ta tabbata jabu ce zai karɓa ya dawo da kuɗi. Wanda bai rubuta haka ba a barshi.

Baje koli kuwa wata duniya ce daban, kuma ni dai in da hali nafi sonta, dan gwanjon intanet komai kyan hoto akwai ɗan cinikin biri a sama a ciki. Manyan sune na New York a watan Janairu, da World Money Fair a Balin, da Numismata a Munik, da Coinex a Landan, amma akwai ƙanana barkatai da ƙungiyoyin masu tarawa ke shiryawa. Babban zaure ne, tebura a jere, kowanne dillali da akwatunan gilashi da fitila da faifan da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai laushi. Akwai ladabin wurin, baka kai hannu sai ka nemi izini, ɗaya ake fito maka da ita ka gama ka mayar kafin a baka wata, kuma a gefe ake riƙewa da yatsa biyu, a saman faifan, saboda tsohuwar azurfa tana iya zama gautsi, in ta faɗi a siminti tsagewa zatayi. Kusan kowanne tebur akwai kwalin tarkace na masu araha da zaka zauna ka tona, nan ne makarantar gaskiya, awa ɗaya a gaban kwalin nan yafi wata guda kana kallon hotuna.

A irin wannan wurin ne aka buɗe min ido. Farkon shigata na sayi mujiyar Atina a wajen wani mai sayarwa a intanet, wato babbar kwandalar azurfar nan mai kan Athena, abar bautar mutanen Atina, a gaba da mujiya mai manyan idanu a baya, wadda Atinawa suka buga da azurfar ma'adinan Laurion tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Farashin yayi araha sosai, mai kayan yace gado ne na kakansa. Na tafi da ita baje koli na nuna wa wani dattijon dillali, bai ce komai ba ya ɗorata a ɗan sikelinsa, ya juyo min da fuskar sikelin, giram 14 da 'yan kai, yace irin wannan wajen 17.2 take yi. Sannan ya miƙo min gilashinsa yace duba gefe. Sai ga wani siririn layi ya zagaye gefen gaba ɗaya, an bishi da magagari amma bai ɓace ba, a kumatun Athena kuma ƙananan ramuka kamar an tsira da allura. Yace ɗana wannan zubi ce, narka ƙarfe akayi aka zuba a mazubi mai ɓari biyu, layin nan mahaɗarsu ce, ramukan kuma kumfar iska. Ta gaske bugu ce, a ɗora gutsuren azurfa akan hatimi, a ɗora wani hatimin a sama a maka guduma, shiyasa zakaga ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa baki, gefen ya ɗan tsattsage, kuma da wuya ka samu biyu da suka zama iri ɗaya sak. Ya fito da tashi ta gaske ya ajiye kusa da tawa, wallahi ko yaro zai ga bambancin, tawa duk layukanta a dakushe kamar sabulun da aka yi wanka dashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, mai sayarwar kuma ko amsa saƙona bai sake yi ba. Amma dattijon nan ya bani kusan rabin awa na lokacinsa ban sayi komai a wajensa ba ranar, kuma shine ya fara ce min duk wanda yace maka gadon kaka ne ka tambayeshi takardar kakan.

Jabu ba sabon abu bane a harkar nan. Giovanni Cavino a Padua ta Italiya yana ƙera irin manyan tagullan Rumawa tun ƙarni na 16, Carl Wilhelm Becker a Jamus, wanda ya mutu a 1830, da hannu yake sassaƙa hatimansa ya buga kamar yadda mutanen da sukeyi, har manyan masu tarawa na zamaninsa ya ruɗa. Na yanzu kuma kayan aikinsu sun fi nasu. Dan haka sikeli da gilashi suna kama na ƙasa-ƙasa ne kawai, manyan jabu sai ido da ya daɗe yana gani, shiyasa sanin wanda kake saye a wajensa da sanin inda kaya suka biyo yake gaba da komai.

Toh in dawo kan 1970. A shekarar ne UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, kuma tun daga nan ta zama kamar layi, kwandalar da aka tabbatar tana hannun masu tarawa kafin lokacin hankali yafi kwanciya da ita, farashinta ma yafi. Ƙasashe irin su Girka da Turkiyya da Masar da Italiya dokarsu ita ce abin tarihin da aka tono a ƙasarsu na hukuma ne, Amurka kuma ta sa takunkumin shigo da wasu sulallan Cyprus a 2007, na Italiya a 2011. Amma Ranka ya daɗe ni ba tsoron kwastan ne kaɗai ya dameni ba. Ka dubi abin da ya faru a Frome ta Ingila a 2010, wani mai na'urar gano ƙarfe ya ci karo da ƙaton tulu a gona, maimakon ya fasa ya kwashe sai ya rufe ya kira masana. Suka zo suka kwashe hawa hawa suna rubuta abin da ke kowanne hawa, sulallan Rumawa 52,503, a ciki har da sama da 700 na Carausius, wanda ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya. Yau suna gidan tarihi na Somerset kowa na iya zuwa ya gani, wanda ya gano tulun da mai gonar kuma aka raba musu lada kamar yadda dokar Ingila ta 1996 ta tanada. Ko ka ɗauki tarin Spillings da aka gano a tsibirin Gotland na Suwidin a 1999, sulalla sama da 14,000 kusan dukkansu dirhaman ƙasashen Musulmi, a can ƙuryar arewacin Turai. Da ace da dare aka tone su aka watsa a kasuwa ɗaya ɗaya, da kowacce ta zama dirhami kawai a aljihun wani, ba mai sanin cewa fatake sun ɗauko azurfar Bagadaza da garuruwan gabas sun bi koguna da ita har ƙasar Vikings, mutanen wannan yankin a lokacin. Wannan ilimin ne ɓarayin dare suke kashewa, kuma da kuɗinmu mu masu saye ake biyansu in bamu tambaya ba.

Kar ace na matsa. Gaskiya ita ce mafi yawan ƙananan sulalla basu da tsohuwar takarda, ba dan sata bane, sai dan mutanen da basu damu su rubuta tarihin abu mai araha ba, wasu magadan kuma su sayar da sulallan su zubar da ambulan ɗin a shara. Ba ina cewa kar a sayi komai sai mai takardar shekara hamsin ba. Abin da nake cewa a tambaya, dillalin kirki baya jin haushin tambaya, zai ce maka daga tarin wane ta fito ko daga gwanjo kaza lamba kaza. Amma in kaga mutum da buhun sulalla duk da ɗanyar ƙasa a jikinsu, kala ɗaya, daga yankin da ake yaƙi, kuma ka tambaya ya hau kame-kame, toh ka san abin da kake saye.

Mu ma kuma akwai namu. Duk kwandalar da ta shigo hannuna ina da littafi da nake rubuta ranar da wajen wanda na saya da lambar gwanjo da nauyi, in ɗauki hoto gaba da baya, rasit da tsohon ambulan duk a ajiye tare. Kuma dan Allah kar a wanke, kar a goge da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe, wannan kore ko baƙin da ya lulluɓe tagulla ɗaruruwan shekaru ya ɗauka kafin ya zauna, shi yake kareta, in ka kankare ka kashe darajarta. Wanda ake tsoro shine wani koren gari mai haske da yake fesowa kamar hoda, wannan ciwo ne, yana cin ƙarfe har ya huda, in ka ganshi ka wareta daga sauran ka nemi wanda ya sani. A guji laima, a guji ledar nan mai laushi ta PVC dan tana fitar da wani maiƙo kore da yake ɓata ƙarfe, ambulan ɗin takarda mara asid ya fi.

Roƙona gareka Ranka ya daɗe, in labarin irin wannan gwanjo ya sake zuwa teburinka, a sa wakili ya ƙara layi biyu bayan farashin, a ina aka samota kuma a hannun wa take kafin yanzu, in kuma daga baya labarin ya canza kamar na Brutus a dawo a faɗa wa masu karatu. In kuna da fili a shafin tarihi zan iya aiko muku da hoton dirhamin Wasiɗ ɗin gaba da baya, tare da ɗan ambulan ɗinta, da yadda ake karanta shekarar a zagayen baki, dan na tabbata cikin masu karatunku akwai da yawa da zasu karanta rubutun nan fiye dani.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum